Shekarar da Na Rufe Gilashin Motar Baba

Fadi ce ta sa na zauna rubuta wannan babin. Ta je biki Gider ta dawo ranta a ɓace, wai wata tsohuwa ta tambaye ta 'yar wane gida ce, da ta faɗa sai tsohuwar ta taɓe baki ta ce, "Au, 'yar Sali mai rufe gilashi." Ta zo ta tsare ni da tambaya, na ce ta ba ni lokaci. To ga amsar, ke da 'yan'uwanki duka. Sunan nawa ne, ban ƙi shi ba, gilashin kuma na rufe shi da hannuna. Sai dai wadda ta ɗaure mini baki ta daɗe da rasuwa, Allah Ya jiƙanta, ni ma na fara jin tsufa a gwiwa, kuma ba na so ku gaji sunan ba ku san dalilinsa ba.

Ku kun san motar a tsaye ƙarƙashin rumfar gidanmu na unguwar Pumpumre a nan Garwa, kaji na kwana a inuwarta. Mu mun san ta lokacin da take tashe. Doguwar motar Faransa ce mai layin kujeru uku, irin wadda muke ce wa familiyal, ruwan toka, kakanku ya saye ta tun ina ƙarami, sa'ad da fataucin gyaɗa da albasa ya karɓe shi. Baba yana da doka a kan motar nan wadda duk Gider ta sani: ba ya wuce mutum a hanya muddin akwai gurbin zama, gilashi kuma ba ya hawa sama, ko ana ruwa sai dai ya ɗaga rabi. Hannunsa na hagu kullum yana waje yana gaisuwa, har ya fi na dama baƙi. Ya gaida wannan da Hausa, ya gaida wancan da Fillanci, ya tsaya ya ɗauki tsohuwa da kajinta, ya ɗauki manomi da buhunsa, Musulmi ko Kirista bai taɓa tambaya ba. Tafiyar Garwa da wasu ke yi kafin hantsi, mu sai mu kai azahar. Muna yara muna jin haushi, amma mun tashi mun san abu ɗaya: a ƙasarmu wanda ya wuce mutane gilashi a rufe, ya gaya musu ke nan ba ya bukatar gaisuwarsu.

Da Baba ya rasu muka bar motar ba a raba ba. Tana Gider hannun yayana, Hamma Umaru, wanda kuke kira Bappa, ya kuwa riƙe dokar Baba kamar yadda ya same ta. Ni ina Garwa da garejina, ina gyaran firiji da na'urar sanyin mota, wadda a nan muke ce wa kilim. Ba yabon kai ba, a lokacin babu motar da za a kawo mini tana hura zafi ta fita ba ta hura sanyi ba.

Sai ƙodar mahaifiyarmu Dada ta gaza. Likita ya ce dole a riƙa wanke mata jini da inji sau biyu a mako, injin kuma sai a Garwa. Na je Gider na durƙusa a ƙofar ɗakinta.

"Dada, ki dawo wurina. Surukarki Asta ta share miki ɗaki, asibiti kuma ga shi kusa."

"Ɗakin da ubanku ya ajiye ni, a nan zan riƙa kwana," in ji ta. "Ban kwana gidan ɗa da ƙuruciya ba, ba da tsufa zan fara ba."

"To hanyar fa, Dada?"

"Hanyar da na bi shekara da shekaru? Ga mota nan. Kuma ka ji da kyau, kai da yayanka. Ban yarda a ji a gari cewa inji ne ke wanke mini jini ba. Ba na so a cika mini tsakar gida ana kallona ana girgiza kai."

Wanda ya san kakarku ya san an gama magana ke nan. Mace ce da ba a taɓa ganin ta kwance da rana ba, in zazzaɓi ya kama ta sai ta ɗaura ɗankwali ta fito ta hau tsintar shinkafa don kada a ce mata sannu. Muka ɗauki alkawari, ni da Hamma. Lokacin sanyi abin ya tafi daidai. Hamma ya kawo ta da safe, a yi wankin, ya mayar da ita da rana, tana zaune ƙyam a kujerar tsakiya, mutanen hanya suna shiga suna fita, kowa na cewa ziyarar jikoki take yi. Ta dawo a gajiye, amma ta dawo da girmanta.

Bazara ce ta tona mu. Kun san zafin Garwa ba sai na kwatanta muku ba, kun kuma san ƙarfen mota in ya sha rana. Wankin yakan ƙare ne da rana tsaka, daidai lokacin da jikinta ya fi laushi. Wata rana na raka su. Mota cike, iskar da ke shigowa ta taga kamar daga bakin tanda, mun wuce Pitowa kaɗan sai na ji wata mata da muka ɗauka ta yi salati. Na waiga na ga kan Dada ya langaɓe, bakinta a buɗe. Muka tsaya gindin wata bishiya, muka yayyafa mata ruwa, Hamma na ce wa mutane azumin nafila take yi. Ta farfaɗo, abu na farko da ta yi shi ne gyara mayafinta. A rayuwata ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba. Da muka koma asibiti a wanki na gaba, likita ya ja ni gefe ya ce mini da Faransanci, ba tare da kwana-kwana ba, in aka ci gaba a haka hanya za ta riga ciwon kashe ta.

Na sake roƙonta ta dawo Garwa, ta yi kunnen uwar shegu da ni. Na ce a ɗauko shatar mota mai sanyi, ta ce direban haya bakinsa ba ya rufuwa, kuma ita ba ta shiga motar kowa sai ta mijinta. Abin da ya rage mini ɗaya ne, shi ne sana'ata. Na sami Hamma a zaure bayan la'asar.

"Hamma, ka ba ni makullin motar. Zan sa mata kilim."

Ya dube ni kamar na ce zan sayar da gidan.

"Motar Baba za ka huda?"

"Zan huda ta, in ɗaura mata kwamfireso, in ja bututu, in toshe duk inda iska ke shiga."

"Sannan a rufe gilashi."

"Sannan a rufe gilashi."

"Sali, motar nan ba a haife ta da sanyi ba. Kuma addu'ar mutanen da muke ɗauka a hanya, kai ka san ba ita ke riƙe da Dada ba? Kai in ka rufe gilashi ka koma Garwa ka kwanta. Ni zan zauna da bakin mutanen Gider, ni za a tara a ƙofar masallaci, kuma ba ni da ikon faɗin dalili."

"Gaskiyarka, Hamma. Amma ni ma na ga kanta ya langaɓe."

Can ya sa hannu a aljihu ya ajiye makullin a kan tabarma, bai miƙo mini ba.

"In ka sa, kai za ka riƙa tuƙawa. Hannuna ba zai ɗaga gilashin motar nan ba."

Ina so ku lura, Bappanku bai yi ƙarya a ko ɗaya ba. Duk abin da ya ce zai faru ya faru. Abin da ya raba mu shi ne, shi yana kallon abin da Baba ya bari, ni ina kallon wadda ba ta tafi ba tukuna.

Na kawo motar gareji na buɗe murfin inji, na tsaya ina kallonta tana kallona. Waɗanda suka ƙera ta ba su bar wa kwamfireso ko tafin hannu ba. Shi kwamfireso shi ne zuciyar kilim, shi ke matsa gas ya zagaya, kuma ƙarfinsa daga injin mota yake sha ta hanyar bel. Na samo ƙarami daga wata motar Japan da ta yi haɗari, don na san babba zai durƙusar da tsohon injin. Na matsar da batir, na yanka kwali na gwada, na sake yankawa, har na fitar da siffar mazaunin da zai riƙe shi a gefen inji, sannan na kai wa mai walda ya yanko mini shi a ƙarfe mai kauri. Na kai puli, wato faifan da bel ke hawa, wurin mai injin fiƙe ƙarfe ya ƙara masa rami na biyu. Ranar da na fara tayarwa, bel ya yi tsalle ya tsinke, ya zabga wa murfin inji bulala har maƙwabcina mai faci ya leƙo. Puli biyun ba su kalli juna daidai ba, bambancin bai kai kaurin farce ba, amma bel ba ya yafe irin wannan. Na kwance komai, na ja zare daga wannan faifai zuwa wancan, na riƙa ƙara siraran ƙarafa a bayan mazaunin har zaren ya kwanta lif a kan duka biyun. Bel na biyu ya zauna shiru kamar an haife shi a wurin.

Sauran aikin haƙuri ne. Na sa ƙaramin lagireton gas a gaban na ruwa, na ƙara fanka mai lantarki, na rataye akwatin da ke hura sanyi a ƙarƙashin allon gaba, na huda bango na wuce da bututu. A nan ne hannuna ya ɗan tsaya, ba zan ɓoye muku ba, domin inda na ɗora bakin abin hudawa nan ne Baba yake jingina takalminsa in ya cire don tuƙi. Na yi bisimilla na huda. Na zuƙe iska, na cika gas, na danna maɓalli, kwamfireso ya ce ƙas, injin ya yi tari ya mutu. Na ƙara masa numfashi a kafireto har ya iya ɗaukar nauyin a tsaye. Sai kuma na gano sanyin yana gudu ta ko'ina, domin robar ƙofofi ta bushe tun zamanin Baba, ƙasan motar kuma da ramuka har kana ganin kwalta. Na toshe, na liƙe, innarku Asta ta ɗinka labule mai kauri na tagogin baya. Ita kaɗai na gaya wa, ita ma ta riƙe har yau.

Kafin in ɗora Dada, na loda buhunan masara gwargwadon nauyin mutanen da Baba yakan ɗauka, na kunna sanyi na hau hanya da rana tsaka. A hawa na farko allurar zafi ta miƙe ta nufi ja, ruwa ya fara tafasa. Na sauke buhunan na sake gwadawa, allura ta zauna a tsakiya. Nan na fahimci abin da na saya. Tsohon injin zai iya ɗaukar mutane, zai iya ɗaukar sanyi, amma ba zai ɗauki duka biyun ba. Ko da Dada ta yarda a gan ta a kwance, motar ba za ta yarda ba.

Ranar farko na tuƙa motar zuwa Gider na kwana, da asuba muka shimfiɗa mata a kujerar tsakiya tun motar tana cikin gida. A dawowa, da muka bar asibiti na danna maɓalli, sai ta kira ni.

"Sali."

"Na'am, Dada."

"Wannan sanyin daga ina yake fitowa?"

"Daga injin, Dada."

"Injin da ke ƙona ƙafa? Kai dai tun kana yaro ba ka barin abu yadda Allah Ya yi shi. Miƙo mini zane in rufa."

Kafin mu kai Pitowa ta yi barci. Ina jin numfashinta a bayana, a hankali, daidai. Na tuƙa ina share hawaye da hannun riga, kuma na san a ranar cewa ko duk ƙasar za ta zage ni ba zan cire abin nan ba.

Ba a jima ba aka fara. Mutanen hanya sun san motar daga nesa, su tashi su ɗauki kayansu su ɗaga hannu, ni kuwa in wuce, gilashi a sama, labule a ja, idona a kan kwalta. Aka ce Garwa ta lalata ni. Aka ce manyan mutane nake ɗauka haya a motar ubana. Wasu suka ce kayan fasa-ƙwauri ne a bayan labulen. Hamma ya sha tambaya a ƙofar masallaci, ya haɗiye, bai taɓa faɗin kalma ba, amma ni ma ya daina yi mini magana in ban da gaisuwa. Wanda ya fi ci mini rai shi ne Baba Tumba, wani manomi Kirista abokin Baba, wanda kowace ranar kasuwa yake jira a gindin wata tsamiya da buhun gyaɗarsa. Mutumin nan ya ɗauke ni a kafaɗa ina yaro. Na wuce shi yana ɗaga hannu, na wuce shi yana kiran sunana, na ga bakinsa yana motsi ban ji muryarsa ba. Daga baya ya daina ɗagawa. In ya hango motar sai ya juya mata baya ya kama gyaran bakin buhu.

In kun tambaye ni me na samu, ga shi. Dada ta ƙetare bazarar nan, ta ƙetare wata. Ba ta sake suma a hanya ba ko sau ɗaya. Ta kwana a ɗakinta kowane dare kamar yadda ta so, ta fito tsakar gida da ɗankwalinta a ɗaure, maƙwabta suna cewa tsufa ne kawai ya rage mata ƙiba. Ke Fadi, a hannunta aka ajiye ki ranar sunanki, ita ta fara tauna miki dabino. Wanda ya ce wannan bai kai sunan da aka liƙa mini ba, ya zo mu zauna. Da za a mayar da ni zauren nan a sake ajiye makullin a kan tabarma, zan sake ɗauka.

Abin da ya rage mutane kaɗan ne suka gan shi, su kuma ba masu yawan magana ba ne, shi ya sa bai bi gari kamar sunan ba. Bazara ta uku tana kamawa jikinta ya ƙi karɓar wankin. Wata rana likita ya tsayar da ni a baranda yana magana ƙasa-ƙasa. Dada ba ta jin Faransanci, amma tana jin fuskar ɗanta. Na kai ta mota zan kwantar da ita, sai ta dafa kujera ta zauna.

"Cire labulen nan."

Na cire.

"Kada ka kunna sanyin. Sauke gilashi, duka."

"Dada, rana tsaka ce."

"Na ga ranar. Gida za ka kai ni, kuma kai ni yadda ubanka yake kai ni. Ba zan sake dawowa wurin injin nan ba."

Na buɗe baki zan yi gardama, ta dube ni, na rufe. Na zagaya na sauke tagogi ɗaya bayan ɗaya. Hannun murɗawar ya yi tauri don daɗewa ba a taɓa shi ba. Zafi ya shigo ya cika motar, ta lumshe ido ta shaƙe shi. Muka hau hanya. Duk wanda na gani a tsaye na tsaya, wasu suka shiga suna mamaki, wasu suka tsaya kallo sai da ta yi musu magana da bakinta. Ta tambayi wannan 'ya'yansa, ta tambayi waccan mijinta, ba ta manta sunan kowa ba.

Baba Tumba yana gindin tsamiyarsa. Da ya hango mu ya juya baya. Na taka birki na tsaya daidai shi, bai waigo ba. Dada ta leƙa ta taga ta gaida shi da Fillanci.

"Tumba, jam na? Ko mun yi faɗa ne?"

Ya juyo a hankali. Ya matso ya dafa ƙofar, ya dube ta ya daɗe, ya ga hannun nan da allura ta cinye, ya ga wuyan da ya zama kamar kara. Na fita na ɗora buhunsa a baya, ya shiga gaba ya zauna kusa da ni. Mun ɗan yi tafiya sai ya sunkuya ya shafa akwatin da ke ƙarƙashin allo.

"Wannan ne abin?"

"Shi ne, Baba."

"Duk kwanakin nan ita ce a baya?"

"Ita ce."

Ya cire hularsa ya riƙe a cinya. Ya ce, "To kunna mata, ɗana. Mu sauka, mu ma iya jira. Kunna mata."

"Bar shi, Tumba," in ji Dada daga baya. "Ya yi aikinsa. Yau muryar mutane nake so in ji."

Ban kunna ba. Muka shiga Gider da la'asar, mota cike har baya, tana ta nishi a hawa kamar da, hannun Dada a waje tana ɗaga wa masu shaguna. Hamma yana zaune a ƙofar gida. Da ya ga tagogin a buɗe ya miƙe tsaye, carbinsa ya faɗi ƙasa, domin shi ya gane tun kafin in kashe inji. Ya zo ya buɗe mata ƙofa da kansa, muka kama ta ni da shi, ɗaya a dama ɗaya a hagu, muka shigar da ita ɗakinta.